Yadda ƙaramin ɗan kasuwar Maraɗi zai kare jarinshi bayan Nijar ta fita daga CEDEAO

Wannan rubutun na yi shi ne don masu ɗan jari, mai buhu biyar na aya, mai tebur a babbar kasuwa, matar da take zuwa Katsina ko Kano ta saro atamfa da kayan roba, da yaron da yake bin mota Ɗan Isa zuwa Jibiya. Manyan alhazai basa buƙatar shawarata, suna da masu fitar masu da kaya a duwan, suna da sito, suna da wanda zasu bugawa waya in mota ta maƙale. Kai da baka da ko ɗaya cikin waɗannan, kai ne duk wani canji na iyaka yake fara taɓawa, kuma kai ne ƙarshen wanda ake gaya wa.

Abu na farko dan Allah ka san abin da ya faru a jere, don rabin cutar da ake yi wa mutane a hanya daga rashin sani take. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi ƙasa. Ranar 30 ga Yuli CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da ake kira ECOWAS a Najeriya, ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, duk mun ga yadda shinkafa da magani suka yi. A Satumba 2023 Nijar da Mali da Burkina suka kafa AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel, ranar 28 ga Janairu 2024 suka ce sun fita daga CEDEAO. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakarmu da Najeriya ta buɗe a watan Maris na shekarar, sannan fitar ta tabbata a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025. To kaga rufe iyaka daban, fita daga ƙungiya daban, mutane da yawa suna cakuɗa su, har yanzu zaka ji wani yana cewa ai tunda mun fita shiga Najeriya haramun ce, ba haka bane.

A ranar da fitar ta tabbata CEDEAO da bakinta ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku masu tambarin CEDEAO, su bar su su shiga ba biza, kayansu kuma a ci gaba da ɗaukarsu a tsarin ciniki na da, har sai an sanar da wani abu sabo. AES ma tun Disamba 2024 ta ce 'yan ƙasashen CEDEAO zasu iya shigowa ba biza. Kalmar da zaka riƙe ita ce "har sai an sanar", wato abin ba dawwamamme bane, alfarma ce ta wucin gadi da zata iya canzawa da sanarwa guda. Da can yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce take baka haƙƙin shiga ka zauna kwana 90 ba biza, yanzu kuwa kana tafiya ne a kan fahimtar juna tsakanin gwamnatoci. Don haka kar ka gina kasuwancinka kamar gobe zata zama irin yau.

Maganar takardu kenan, kuma anan zan daɗe don anan ake cin talaka. Mu mutanen nan mun saba da tafiya Katsina kamar zuwa Tibiri, kawunka yana can, ƙanwarka tana aure a Jibiya, yare ɗaya, sallah ɗaya, sai mutum ya sa hula ya hau mota aljihu ba ko takarda guda. Wancan zamanin ka ɗauka ya wuce. Ka duba katin ɗan ƙasarka yau ɗinnan, in ya mutu ko ya kusa ka je ka sabunta tun baka da tafiya a gabanka, don wanda yake gaggawa shi ne yake biyan kuɗin da ba'a rubuta a ko'ina ba. In baka da takardar haihuwa to daga can zaka faro, ka je ma'aikatar magajin gari ko kotu a yi maka wadda take maye gurbinta, kuma ka yi wa yaranka tasu gaba ɗaya. Katin rigakafin shawara, wannan ɗan rawayan, shi ma ka same shi na gaskiya, a yi maka allurar, kar ka sayi na bogi a tasha. Mai fasfo na tsohon tambari kar ya tada hankalinshi, AES ta fito da nata fasfo amma ta ce tsofaffin suna aiki har wa'adinsu ya cika. Duk takardun nan ka yi masu kwafi, ka ɗauki hotonsu a waya, ka turawa wani na gida ta WhatsApp, asalin kuma ka sa a leda cikin aljihun ciki, ba cikin jakar da yaron mota zai ɗaure a saman kaya ba.

In an tsayar da ku a shinge ka sauko da sallama, ka miƙa takarda kafin a tambaya sau biyu, kar ka ɗaga murya ko da kana da gaskiya. In an ce ka biya wani abu, cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe a bani takardar shaidar biya. Ba kullum zata yi aiki ba, wani lokacin dole ka biya ka wuce don tumatir baya jiran shari'a, amma mutumin da takardunshi suka cika kuma ya san ya nemi rasit ba'a matsa mashi kamar wanda ya zo hannu rabbana. Kuma ka riƙa rubuta abin da ka kashe a kowane shinge a ɗan littafi, daga Maraɗi har inda ka sauke. Mutane da yawa suna ganin suna cin riba alhali in suka tara kuɗin hanya jarin ne yake narkewa a hankali.

Sai kuɗi. Nijar ta fita daga CEDEAO amma bata fita daga UEMOA ba, wato ƙungiyar ƙasashen yankinmu masu amfani da sefa, sefa tana nan, kuma har yanzu a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro guda sefa 655,957, wato kusan sefa 656. Duk wanda ya turo maka murya a WhatsApp cewa wata mai zuwa za'a canza kuɗi ka yi maza ka kai sefarka a baka dalar Amurka ko zinari, ka tambaye shi wace hukuma ta faɗa kuma a ina, in dai gwamnati zata canza kuɗin ƙasa ba a muryar wani da baka san fuskarshi ba zaka fara ji. Abin da ya kamata ya dame ka da gaske shi ne naira. Tun Yuni 2023 da gwamnatin Tinubu ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, ta faɗi sosai a gaban sefa, wannan yana da fuska biyu, mai saro kaya daga Kantin Kwari da sefa a hannu ya ji daɗi, amma mai kai rago ko wake can ya sayar a naira in ya dawo ya canza sai yaga abin ya tsuke. Shawarata, lissafinka gaba ɗaya ka yi shi da sefa tunda da ita kake ciyar da gida. In ka sayar a naira kar ka kwana da ita da yawa, ko ka canza a ranar ko ka juya ta zuwa kayan da zaka dawo da su. In zaka bada bashi ga abokin ciniki na can ku yanke tun farko da wane kuɗi za'a biya, a gaban shaidu, a rubuce, don zumunci da yawa ya lalace a kan "ai lokacin da na karɓa canji ba haka yake ba". Wurin ɗan canji kuma ka tambayi mutum biyu uku kafin ka miƙa, ka ƙirga a gabanshi, kuma ka rage yawo da kuɗi a jiki, ga kamfanonin tura kuɗi nan a kowace unguwa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai. Dokar abin da ya halatta a fitar tana canzawa, kuma yanzu daga Yamai take fitowa kai tsaye. A Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi, su gero da dawa da masara da shinkafa da wake, sai dai zuwa Mali da Burkina. A Mayu 2025 gab da babbar sallah aka hana fitar da dabbobi don farashin rago ya sauka a gida. Ni na fahimci dalilin, ba wanda yake so yaga tiyar gero ta fi ƙarfin magidanci, mai albashi kaɗan da yake son yin layya ya ji sauƙi. Amma makiyayin Dakoro da ya shekara yana kiwo da niyyar kasuwar Najeriya, da manomin Mayahi ko Tasawa da wakenshi yake tafiya Dawanau, su suka ɗauki nauyin. Doka ɗaya, wani ta yi mashi rana wani ta yi mashi dare, kuma duk 'yan ƙasa ɗaya ne. Abin yi shi ne kafin ka zuba kuɗinka a kaya da niyyar ƙetarawa, ka je ofishin duwan ko wurin 'yan ƙungiyar kasuwarku ka tambaya ko kayan nan yana fita a wannan satin, ba watan jiya ba. Ka saurari labaran rediyo na Hausa safe da yamma. Kuma kowane kaya zaka saya ka tambayi kanka, in aka rufe hanya gobe ina da mai saye a nan gida? In amsar babu ce to rage yawan da zaka ɗauka.

Kayan shigowa ma haka. A ƙarshen Maris 2025 AES ta sa harajin kashi 0,5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga waje don ta riƙa gudanar da ayyukanta, irin wanda CEDEAO take karɓa a da. Kuɗin kanshi ba shi ne zai karya ka ba, rabin dala ne a cikin dala ɗari, matsalar ita ce wanda zai fake da shi ya ce maka an ƙara haraji ya ninka maka. In ka san adadin ba mai yi maka wannan.

Abin da ya fi tada farashi a kasuwarmu hanyar teku ce. Arzikin Maraɗi tun shekarun baya a kan tiransi ya tsaya, kaya su sauka Kwatano, su hawo ta Malanbil da Gaya, su iso nan, daga nan shinkafa da yadi su gangara Najeriya, da haka manyan gidajen garin nan suka ginu. Bayan an ɗage takunkumi Nijar ta bar gefenta na iyakar Benin a rufe saboda dalilan tsaro da ta faɗa, sai kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar sojoji, hanya ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru, kuɗin mota ya hau. Babban ɗan kasuwa zai iya jira kwantenarshi ta yi makonni a hanya don yana da wasu kayan a sito, kuma in kaya suka yi ƙaranci ma farashin abin da ya ɓoye ne yake tashi. Kai kuwa da kake karɓa a hannunshi bashi ka sayar ka kawo, kai ne mai saye yake zagi a kan tsada, kai ne kuma ranar biya bata ɗaga maka ƙafa. Wannan ba hassada bace, haka tsarin yake, kuma wallahi yana min ciwo in naga ana ta gardamar 'yanci da martabar ƙasa a fada har dare amma ba mai tambayar dako nawa ɗan dako ya samu yau, ko lebura nawa aka sallama a gareji tunda manyan motoci suka ragu.

Maganin da na gani yana aiki shi ne haɗa kai. Ku biyar ko goma masu kaya iri ɗaya ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota guda, ku naɗa mutum ɗaya mai amana kuma mai karatu ya riƙe takardu, ku biya mai fitar da kaya a duwan guda ɗaya maimakon kowa ya je a yanka shi shi kaɗai. Mata masu adashi sun riga mu gane wannan tuntuni, abin da ya rage su ƙara shi ne rubutu, wa ya zuba nawa, kayan wa ne a buhu mai alamar kaza, in an yi asara yaya za'a raba. Ku faɗi maganar asara tun kafin mota ta tashi, ba bayan an kama kaya ba. In jarinka ya ɗan taka kuma ka yi rajista ka samu lambar haraji, na san mutane suna gudunta don tsoron patanti, amma mai rajista yana da bakin magana a ofis, yana iya buɗe asusu da sunan sana'arshi, wanda bashi da ita kullum a matsayin mai laifi ake kallonshi tun bai buɗe baki ba.

Zan faɗi gaskiya a kan hanyar daji, don na san in an matsa iyaka nan hankalin matasa yake komawa, babur, jarka, dare. Mun gani lokacin da Buhari ya rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun sake gani a lokacin takunkumi. Dan Allah kar ka bi. Yankin Madarunfa da Gidan Runji da ƙetaren Jibiya akwai 'yan bindiga masu satar mutane don kuɗin fansa, ribar buhu goma bata kai abin da danginka zasu sayar su fanso ka ba, in ma an dace ka dawo. Kuma in jami'ai suka kama ka da kayan da aka hana fitarwa, kayan sun tafi, babur ya tafi. Wanda ya aike ka yana gida a kwance, sunanshi baya cikin takardar kamu. Iyaye ku lura da wannan, yaron da ya fara shigowa da kuɗi da asuba ku tambaye shi daga ina.

Harkar mai ma ta canza, duk mai lissafin kuɗin mota ya sani. Tunda aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023 ruwa-ruwa mai arha da muka saba saye a kwalba bakin titi ya daina zama abin dogaro, jama'a suka koma gidajen mai, nauyi ya hau kan matatar SORAZ ta Damagaram, har aka shiga ƙarancin mai a Maris 2025 da layi ya cika gari. To in kana yanke farashi da direba ka tambaya ko kuɗin mai yana ciki, kuma in aka kwana a hanya saboda layi ko shinge wa zai ɗauki kuɗin kwanan.

Sai maganar baki. Garin nan akwai wanda yake ganin fitar nan ita ce ranar da Nijar ta ɗaga kanta, kuma yana da hujja, wanda ya kwana cikin duhu da zafi lokacin da aka yanke wuta, ko ya nemi maganin mahaifiyarshi ya rasa, ba zaka ce mashi ya so CEDEAO ba. Akwai kuma wanda cinikinshi ya mutu yana ganin an yanke shawara ba'a tambaye shi ba, shi ma yana da hujja. Ko a Birtaniya da suka yi ƙuri'a a 2016 kashi 52 suka ce a fita daga tarayyar Turai kashi 48 suka ce a zauna, sun fita a Janairu 2020 amma gardamar ta raba gidaje, kuma ƙananan masu sana'a ne cike-ciken takardun iyaka suka fi wahalarwa, manyan kamfanoni suka ɗauki ma'aikata suka wuce. Kai ɗan kasuwa ne, mai wannan ra'ayin da mai wancan duk a teburinka suke sayen sabulu. Ka riƙe ra'ayinka, ka faɗe shi inda ya dace cikin mutunci, amma kar ka zagi mutanen Najeriya a Facebook don shugabanninsu sun sa takunkumi, mutanen Katsina da Kano da yawa sun fito sun ƙi maganar yaƙin da CEDEAO ta yi barazanar kawo wa Nijar a 2023, malamai da sarakuna suka yi ta zirga-zirgar sulhu, sanatocin arewa suka ƙi goyon bayan kai hari. Maigidanka na Dawanau da yake ajiye maka kaya bai sa hannu a komai ba. A cikin mota da shinge kuwa ka bar siyasa gaba ɗaya, baka san wa yake zaune kusa da kai ba, kuma kar ka tura muryar da baka san asalinta ba, ana kama mutane a kan abin da suka yaɗa a waya.

Kar kuma ka ɗauka ƙofa ta rufe har abada. Muritaniya ta bar CEDEAO a 2000 amma a 2017 ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar hulɗa da ciniki da ita. Tsakanin Nijar da Najeriya akwai hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai mazauni a Yamai, ta girmi CEDEAO ɗin kanta da aka kafa a 1975. Ga kuma layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka aza tubalinshi a Fabrairu 2021. Saboda haka lambobin abokan cinikinka na can kar ka goge su, ka riƙa gaisuwa ko ba ciniki, ka je biki ka je ta'aziyya. A lokaci guda ka fara leƙa kasuwar cikin gida da ta yamma, ayar da kake kaiwa kudu akwai masu nemanta a Yamai, mai da ƙuli-ƙuli da matan unguwa suke yi daga gyaɗa yana da masu saye a nan ba sai ya ƙetare shinge ko ɗaya ba, kuma abin da aka sarrafa ya fi ɗanye daɗewa in hanya ta tsaya.

Masu 'ya'ya a makarantun Najeriya ko almajirai a Kano da Zariya, da masu zuwa asibiti Katsina, da 'yan ci-rani da suke tafiya bayan girbi, ku ma wannan ta shafe ku. Yaro kar ya tafi sai da takardar haihuwarshi da kwafin katin mahaifinshi da lambar wayar malaminshi a rubuce a takarda, ba a waya kaɗai ba don waya tana faɗuwa ko caji ya ƙare. Mara lafiya ya tafi da takardar likitan da ya tura shi, ya sayi maganin da zai ishe shi in an samu tsaiko. Ɗan ci-rani kuma kafin ya tashi ya bar wa na gida sunan unguwar da zai sauka da lambar mutum biyu da suke tare, kuɗin da ya samu ya riƙa turowa kaɗan-kaɗan duk sati ko sati biyu, kar ya tara na wata huɗu ya ɗauro a ƙugu ranar dawowa.